Otrivin ko Avamys? Amsa ga wanda ya fara kwana da na'urar CPAP

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Ka ce kwananka 10 da fara sa na'urar CPAP, mai tura iska ta takunkumi, saboda ɗaukewar numfashi a cikin barci, hancinka yana toshewa da tsakar dare, ka sayi Otrivin a kemis tun mako guda da ya wuce yana yi maka aiki, shi kuwa Avamys ɗin da likita ya rubuta ba ka ga amfaninsa ba. Ga kuma tsamin jiki da kake tashi da shi, har kana zargin ɗaya daga cikinsu. Shekarata ta huɗu ke nan ina kwana da wannan na'ura, kuma na bi ta inda kake bi yanzu.

Magungunan nan biyu a kwalba kawai suka yi kama. Otrivin, da ɗan'uwansa Afrin, matse jijiyoyin jinin cikin hanci suke yi. Naman da ya kumbura sai ya motse, hanya ta buɗe cikin minti 5 zuwa 10, ta yi awanni a buɗe. Ga mutumin da ya farka ƙarfe biyun dare yana kokawa da takunkumi, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne, na sani. Amma da zarar ƙarfinsa ya sake, jijiyoyin sai su koma su cika fiye da yadda suke. In aka jera kwanaki ana fesawa, hanci ya saba, toshewar ta riƙa dawowa da wuri, mutum ya ƙara fesawa, har ta kai ga maganin ne da kansa ke toshe hancin. Shi ya sa likitoci da yawa ke cewa kada a wuce kwana 3, takardar cikin kwalin wasu kuma ta ce iyaka kwana 7. To kai na'urarka ta kowane dare ce, shekara da shekaru. Maganin kwana 3 ba zai yi maka wannan rakiyar ba. Ƙari kuma yana iya tayar da hawan jini da bugun zuciya, kuma da yawa daga cikinmu masu wannan lalura dama muna fama da hawan jinin.

Avamys, haka ma Nasonex da Flixonase, sitiroyid ne. Kumburin yake kwantarwa daga tushe, don haka ba ya gaggawa. Daren farko ba lallai ka ji wani sauƙi ba, sai an yi kwanaki a fara ganin bambanci, cikakken aikinsa kuma yakan kai mako 1 zuwa 2, kuma sai in ana fesawa kullum ba fashi. Yawancin masu cewa bai yi musu ba, sau biyu suka fesa suka ajiye. Kada sunan sitiroyid ya tsorata ka, ba ya ratsa jiki kamar ƙwayoyin nan da wasu ke sha don su yi ƙiba. Abin da ke shiga jini daga feshin hanci kaɗan ne ƙwarai. Illarsa da aka fi gani ita ce bushewa da haɓo, shi ma sau da yawa daga yadda ake fesawa ne. Ka fyace tukuna, ka ɗan sunkuyar da kai, ka riƙe da hannun dama ka fesa a ƙofar hagu, da hannun hagu kuma a ta dama, bakin kwalbar na kallon wajen kunne, ba guringuntsin tsakiya ba. Kada ka zuƙa da ƙarfi, in ka ji ɗaci a maƙogwaro to ya wuce inda ake so.

Ni dai shawarata ka riƙe na likita, ka rabu da Otrivin. Tunda ka kai mako, ka daina a ƙofa ɗaya tukuna, in ta warware ka daina a ɗayar. Za ka sha wuya na 'yan kwanaki, amma tana wucewa.

Sai dai fa duka biyun ba su taɓa ainihin abin da ya jawo ba. Tun da Colin Sullivan, likitan da ya ƙirƙiro na'urar, ya wallafa gwajinsa na farko a 1981 daga birnin Sidni na Ostireliya, ta hanci ake tura iskar, kuma busasshiyar iska in ta kwana tana bi ta cikinsa yakan kumbura. In bakinka yana buɗewa cikin barci abin ya fi muni, iska ta shiga ta hanci ta fita ta baki tana kwashe danshi. Alamarsa ka tashi da harshe kamar ƙirgi. Maganin wannan maɗaurin haɓa ne, ko takunkumin da ke rufe hanci da baki. Ka kunna tankin tururin na'urar, ka ƙara lambarsa musamman da hunturu, ka riƙa duba matatar iskar bayanta don ƙurar hazo tana cika ta da wuri. Ruwan tankin ka saya tatacce a kemis, ba a wajen masu cajin batir ba. Feshin ruwan gishiri kuwa ba shi da iyakar kwanaki, ka fesa kafin kwanciya da bayan tashi. Basilin da man zafi kada su shiga cikin hanci.

Tsamin jiki ba kasafai yake zuwa daga waɗannan magunguna ba. A da numfashinka yana ɗaukewa sau da yawa cikin awa guda, kana ta juyi ba ka sani ba. Yanzu barci ya yi nauyi, ga tsoron kada tiyo ya goce, sai ka kwana a wuri ɗaya kamar an dasa ka, baya da kafaɗa su ƙage. Ciwon haƙarƙari kuma na fitar da numfashi ne ana turo maka iska, naman wurin bai saba ba. Na wuya da ƙeya yawanci ɗaure igiyar takunkumi ne da ya yi yawa. In kuwa ciki ne ke cika da gyatsa, iska kake haɗiya. Nawa ya lafa a mako na uku, bayan na ratayo tiyon ta saman gado na samu damar juyawa.

In za ka sha wani abu, farasitamol ya fi maka aminci a kan ibuprofen ko diklofenak, muddin kana da hawan jini, olsa ko matsalar ƙoda. Idan akwai zazzaɓi da sanyi, a yi gwajin maleriya, kada a ɗora wa na'ura. Ciwon ƙirji mai nauyi da zufa, ko mai sauka hannu ko muƙamuƙi, wannan na asibiti ne a daren, ba a jira safiya.

Ranar komawarka ka tafi da na'urar ko ɗan katinta. Ƙarfin iskarta tsakanin 4 ne zuwa 20, kuma katin zai nuna musu nawa kake samu da yawan iskar da ke zurarewa. Ka roƙa a kunna maka tsarin da ke fara iska a hankali da wanda ke sassauta ta lokacin fitar da numfashi, ka kuma gaya wa likitan kwana nawa ka yi kana fesa Otrivin.