Manhajar kwafe faifai ta kwashe mini komai lafiya, sai fili ya gagara

Wata shida ina goge hotuna don kawai Windows ta samu wurin sabunta kanta. Faifaina 256GB ne, layin C, ɓangaren faifan da Windows ke ciki, kullum ja wur don cika. Da na sayi sabon faifan SSD mai 1TB, fargabata ɗaya ce: sake girka komai daga farko. Shi ya sa na sauke wata manhajar kwafe faifai da ake ta yabo, na jona sabon faifan ta USB, na danna.

Ko awa ɗaya ba ta yi ba ta gama. Na kwance bayan kwamfutar, na musanya faifan, na kunna gabana na faɗuwa. Sai ga hoton 'yata a allo, kowane fayil yana inda na bar shi, har shafukan da ban rufe ba a burauza. Wallahi a lokacin da an ce in ba ta taurari goma, da na ba ta.

Murna ta koma ciki da na duba C. 237GB, ja wur kamar jiya! Har na fara zargin jabu aka sayar mini. A Disk Management, inda Windows ke nuna yadda aka raba faifai, na ga abin da ya faru: faifan 931GB ne cif, amma sama da 690GB na zaune ba mai shi. Manhajar ta kwafe ɓangarorin da girmansu na da, ko tambayata ba ta yi ba. Na ce bari in faɗaɗa C da kaina, maɓallin ya dushe, ba ya dannuwa. Ashe ɗan ɓangaren farfaɗo da Windows ne, wanda ko 1GB bai kai ba, ya tokare tsakanin C da filin. Ita kuwa Windows ba ta faɗaɗa ɓangare sai filin yana manne da shi ta dama.

Na koma manhajar in matsar da shi, wai sai na biya. Nan raina ya ɓaci. Wanda ya sayi babban faifai, in ba fili ba me yake nema? Su faɗa tun kafin mutum ya ɗauki sukundireba mana.

GParted, wata manhajar gyara ɓangarorin faifai, ita ce ta cece ni. Na sa ta a filasha, na tashi kwamfutar da ita, na tura ɗan ɓangaren can ƙarshe, na dawo Windows maɓallin ya yi aiki. Ƙarfe biyu na dare na kwanta.

Kwafin kam ba ni da ta cewa, ko fayil ɗaya bai ɓata ba. Amma taurari uku zan ba manhajar kwafin. Tsohon faifan kuma yana aljihun tebur, ba zan goge shi ba sai na yi sati biyu ban ga matsala ba.