Milimita 6 ko milimita 15: da wanne za ka fara haɗa runduna?

Ɗan'uwa, ka ce kana so ka fara haɗa rundunar 'yan ƙananan sojoji na yaƙin kan tebur, irin na almarar kimiyya, masu tankoki da manyan butum-butumin yaƙi, amma ka rasa wanda za ka ɗauka tsakanin girman milimita 6 da milimita 15. Kuma na lura fenti ne ke ba ka tsoro: wai idonka da hannunka ba za su iya da na milimita 6 ba. Na taɓa duka biyun, bari in jera maka su.

Lambar nan tsayin soja ɗaya ce. Na milimita 6 da kaɗan ya fi kan ashana, ma'auninsa kusan 1 cikin 285 ko 300 na girman soja na gaske. Na milimita 15 ya kai faɗin farcen babban yatsa, kusan 1 cikin 100. Tankar da a zahiri za ta yi mita 7, a na farko santimita biyu da rabi ce, a na biyu santimita 7. Daga nan duk sauran bambancin ya taso.

A milimita 6 kai kwamanda ne da ke kallon fili daga sama. Ba a tsayar da soja shi kaɗai; ana manna huɗu ko biyar a kan faifai ɗaya, a motsa su tare. Haka Games Workshop, kamfanin da ke ƙera irin waɗannan wasanni, ta tsara tun jerin wasanninta na Epic, wanda ya faro da Adeptus Titanicus a 1988, ta kuma dawo da salon a 2023 da Legions Imperialis, kodayake 'yan sojojin wannan sun ɗan fi na da girma, wajen milimita 8. Wasan BattleTech, da ya fito tun 1984, shi ma a wannan sahun yake, kuma butum-butumi huɗu sun isa ka zauna wasa. A tebur mai ƙafa 6 da ƙafa 4 za ka baza tankoki talatin, igwa ta yi harbi daga nesa, abin ya yi kama da gaske. A milimita 15 kuwa kai saje ne, ka san mutanenka ɗaya-ɗaya: wannan mai babbar bindiga, wancan mai oba-oba, ga likita a baya. Kowa da faifansa. Sojoji talatin zuwa arba'in da motoci uku ko huɗu runduna ce cikakkiya. Ƙananan kamfanoni ne suka riƙe wannan ɓangare, irin su Ground Zero Games da Brigade Models a Ingila da Khurasan a Amurka, kuma ba wanda zai hana ka cakuɗa kayansu wuri ɗaya.

Yanzu ga fentin, inda nake ganin ka fahimci abin a juye. Ƙaramin ya fi sauƙi. Dalili kuwa, abin da ido ba ya gani daga tsawon hannu, ba ka da aikin fenta shi. Sojan milimita 6 ba shi da fuska, ba shi da maɓalli. Launin jiki ɗaya, ɗigon launi a hula, ɗan layi mai duhu a bindiga, shi ke nan. Wahalarsa a wani wuri take: a kan ƙaramin abu, duk launin da ka sa sai ya fito da duhu fiye da yadda ka gan shi a kwalba. Rundunata ta farko na yi mata kore mai duhu a kan shimfiɗar baƙi, ina ta jin daɗi a ƙarƙashin fitila. Da na jera su a tebur na koma baya taku biyu, wallahi kamar kashin ɓera aka watsa. Sai da na sake feshe su da fari. Tun daga ranar, a milimita 6 fentin shimfiɗa fari ko toka mai haske nake fesawa, in ɗauki launin da ya fi wanda nake so haske, in bi da fenti mai ruwa-ruwa mai duhu ya gangara cikin lunguna, in ya bushe in shafa busasshen buroshi a gefuna su taso. Sai ɗigon ja ko rawaya a hasumiyar kowace tanka don a gane rukuninta daga nesa. Fentin Contrast da Games Workshop ta fitar a 2019 ƙarƙashin sunan Citadel da ire-irensa sun ƙara rage aikin, tunda shafa ɗaya ke ba da launi da inuwa tare. Tanka goma a zama ɗaya ba abin mamaki ba ne, in ka manna su a jere a kan sanda kana bin su launi bayan launi.

Na milimita 15 ya fi neman haƙuri, don yana da abin gani: gilashin hula, jakar baya, ɗamara, hannu. In ka tsallake su za a gane. Amma a nan ne daɗin fentin yake ga mai son fenti don kansa. Za ka iya yi wa tanka zanen ɓad-da-kama, ka sa mata lamba, ka yi mata tsatsa da ƙurar ƙafa, kuma wanda ke ɗaya gefen teburin ya gani ya yaba. A milimita 6 irin wannan ƙoƙari kai kaɗai ka san ka yi shi.

Wani abu da ake rainawa: faifan da suke tsaye a kai. A milimita 6 shi ne rabin abin da ido ke gani, don haka yashi mafi laushi za ka sa, ka fenta shi da haske. Tsakuwa ɗaya mai girma sai ta koma dutsen da ya fi soja tsayi. A milimita 15 zoben ƙarfe ƙarami ya wadatar, kuma in ka shimfiɗa takardar maganaɗisu a akwati ba za su yi ta karo da juna a hanya ba.

Haɗawa ba ta da dogon zance. Yawancin na milimita 15 sojojin ƙarfe ne a dunƙule, motocin kuma rezin, wani abu mai tauri da ya yi kama da roba. Gam mai kamawa nan take suke so, kuma ka wanke rezin da ruwan sabulu kafin fenti, in ba haka ba fentin zai riƙa zamewa. In za ka goge shi, jiƙa shi tukuna, ƙurarsa ba ta shaƙa ba ce. Na roba irin na Legions Imperialis gam ɗin roba suke so, mai narkar da gefen biyu su zama ɗaya, kuma sai da hantsaki, don gutsuren da ya faɗi ƙasa ya tafi ke nan.

Tunda ka ambaci tankoki da butum-butumi kafin ka ambaci sojan ƙafa, ni milimita 6 zan ce maka. Manyan injinan nan a milimita 15 sukan cika tebur har su rasa wurin juyawa. Sai dai ka fara tambayar waɗanda za ku riƙa wasa tare girman da suke da shi, don rundunar milimita 6 ba ta karawa da ta 15. In ba su da ko ɗaya, sayi fakiti ɗaya na tankoki, ka fesa musu fari, ka fenta biyar, ka ajiye su a tebur ka ja da baya taku biyu ka duba.