Sharhi: akwatin fil na kanekta mai XH, PH da Dupont

Akwatin roba ne mai ɗakuna, irin wanda ake saye a intanet, cike da fil na ƙarfe da gidajensu na roba, na haɗa waya da fanel. XH, PH da Dupont sunayen ire-iren kanekta ne, an fi bambanta su da tazarar ƙafafunsu. Ga mai gyaran tsohon fanel na talabijin ko rediyo yana da amfani, amma kada ka yarda da rubutun da ke jikin murfinsa.

An rubuta XH 2.54, alhali tazarar ƙafafun XH na kamfanin JST milimita 2.5 ce. Dupont da KK na kamfanin Molex ne masu 2.54. A kanekta mai ƙafa biyu ko uku ba za ka ga bambancin ba. A mai ƙafa 10 kuwa ya kai milimita 0.36, sai ka tura da ƙarfi, dalmar ƙafafun gefe ta tsage. Don haka kada ka auna ƙafa biyu da ke maƙwabtaka. Ɗora ma'aunin vernier daga tsakiyar ƙafar farko zuwa tsakiyar ta ƙarshe, ka raba da yawan giɓin da ke tsakani. In ka samu 2.0, PH ne; in 1.5, ZH ne; in 3.96, VH ne ko babban KK. Sannan ka duba kaurin ƙafar: ta XH 0.64 ce, ta VH 1.14.

A nan akwatin ya gaza, domin babu VH a ciki, kuma shi aka fi samu a ɓangaren wuta. XH amfiya 3 yake ɗauka, VH har 10. Wanda ya lanƙwasa ƙafa ya cusa XH a wurin VH, gidan robar zai yi baƙi ya narke.

Ƙarfen fil ɗin ya fi na asali siranta. Ɗan harshen da ke kama gida yakan kwanta, sai an ɗaga shi da allura kafin ya riƙe. Filayar matsewa SN-01BM tana kama XH da kyau a kan waya lamba 22 zuwa 26 (a ma'aunin kaurin waya na AWG), amma ga PH na fi son Engineer PA-09, ko da yake sau biyu ake matsewa. Fere robar wayar milimita 2 zuwa 2.5 kawai, kuma kada a zuba dalma, tana hawa ta toshe bakin fil ɗin.

Rufin da ke jikin fil ɗin azurfa-azurfa ne, wato kuza. In ƙafafun fanel ɗinka masu ruwan zinariya ne, nemi fil mai zinariya, haɗa biyun yana kawo tsatsa da yankewar wuta.