Allon jan layin ninki mai inci 12 a aikin akwatunan kyauta

Allon na roba ne, inci 12 tsawo da faɗi, an jera masa kwarmi-kwarmi, tsakanin kowane kwarmi da na kusa da shi 1/8 na inci. Yana zuwa da 'yar sandar roba mai kama da wuƙa marar kaifi. A jingina kwali da bakin allon na sama da na hagu, a ja sandar cikin kwarmi, layin ninki ya fito. Na gwada shi a akwatunan rabon alawa, dabino da cincin na bikin zagayowar ranar haihuwa da walima, kuma ga mai yin akwati hamsin ko ɗari a jere, ya ci kuɗinsa.

Inda ya fi nuna amfaninsa shi ne murfi. Akwati mai faɗin inci 4 da zurfin inci 2 yana buƙatar kwali inci 8 da 8, wanda ke fita daga takardar A4 guda. A ja layi a inci 2 ta kowane gefe, a tsaga layi ɗaya a kowace kusurwa har inda layuka suka haɗu, kunnuwa huɗu sun samu ke nan. A ɗan rage gefen kowane kunne da almakashi, in ba haka ba zai leƙo sama da bakin akwatin. Murfin kuwa a yanka shi 6 1/8 da 6 1/8, a ja layi a inci 1. Wannan ƙarin 1/8 ɗin, kimanin milimita 3, shi ne sirrin: babu shi murfi zai matse gindi har ya lanƙwasa, ya wuce haka kuma ya riƙa zamewa. Da rula da fensir da wuya a riƙe wannan awo a akwati ɗari. A allon kwarmi ɗaya ne kawai.

Yana da nasa aibi. Awonsa duk inci ne, alhali A4 santimita 21 ce da 29.7, don haka dole a gyara bakin takarda kafin a fara. Kwarmin kuma sun yi kusa da juna, in aka yi gaggawa sandar ta tsallaka na maƙwabta, layi ya karkace, kwalin ya tafi a banza. Maganinsa a kwantar da sandar kaɗan, a ja sau biyu ko uku a hankali maimakon danna ɗaya mai ƙarfi, sannan a shafa wa kwarmin da aka fi amfani da su maka baƙa don ido ya bi su har ƙasa.

Allon ba ya gyara takardar da ba ta dace ba. Mai nauyin giram 220 zuwa 300 a murabba'in mita ita ce daidai. Ƙasa da 180 bango zai lotsa da an zuba dabino. Wadda ta yi kauri sosai kuma tana fashewa a kan ninki, musamman da hunturu lokacin da takarda ta bushe ƙayau. A ja layi fuskar ado tana sama, a ninka yadda tudun da ya fito a baya zai kasance ta ciki. Kwalin da cikinsa fari ne aka buga masa launi a sama yana nuna farin zare a duk kusurwa, gara wanda launinsa ya ratsa ciki da waje.

Wajen mannewa, farin gam ya fi riƙewa, amma a shafa shi siriri a kama da abin shanya na 'yan mintuna, domin in ya yi yawa yana jiƙa kwali ya kumbura, balle da damina. Gam na kyandir, wanda ake narkarwa da zafi, yana barin tudu, kusurwa ta ƙi zama. Cincin kuwa a ƙulle shi a leda tukuna, don mansa yana ratsa kwali ya bar tabo kafin a kai wurin biki.