Gidajen Dutse na Abadin da Maganar Zauren Kaka

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da su Inna. Saƙonka ya iso, na kuma ga hoton zauren Kaka yadda damina ta ci gindinsa. Ka ce za ka sa a yaɓe shi da siminti a huta. Don Allah ka dakata tukuna, ka ji abin da ya faru a gidan da nake haya.

Gidajen unguwarmu a nan Abadin, arewa maso gabashin Sikotilan, a jere suke kafaɗa da kafaɗa, bango ɗaya ne tsakaninka da maƙwabci, tun daga bakin layi har ƙarshensa. An gina su zamanin Sarauniya Biktoriya ta Birtaniya, wadda ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901, da dutsen giranit ruwan toka. Dutsen nan fa shi ne wanda muke fasawa a gida mu yi tsakuwar kankare. Su kuwa sassaƙa shi suka yi, suka daidaita kusurwoyinsa, suka jera. Ranar hadari garin duk ya yi fuskar toka, amma in rana ta leƙo bayan ruwa sai bangon ya riƙa ƙyalli kamar an barbaɗa masa azurfa. Har yau in na gani sai na rage sauri.

Kaso mai yawa na dutsen daga wani ramin haƙar dutse ya fito a cikin garin, ana ce masa Rubislaw. An fara haƙa a 1740, aka rufe a 1971, zurfinsa ya kai mita 140, yanzu ruwa ya cika shi. Gaban ginin Marischal College kuwa, wani tsohon ginin jami'a a tsakiyar garin, da aka kammala a 1906, da dutsen Kemnay aka yi shi, kuma majalisar birni ce ke aiki a ciki yanzu.

To, da hunturun bara danshi ya fito a bangon ɗakina, fenti ya kumbura. Mai gidan ya nemi magini. A nan ne na yi kewar gida. A Zariya ka aika yaro da safe, kafin azahar magini ya zo da leburansa. Nan sai da muka jira mako uku kafin ya zo ya duba kawai, ya rubuto farashi a takarda, sannan wani kamfani daban ya zo ya kafa ƙarafan hawa. Kuɗin da aka kashe, da a gida ne ya ta da ɗaki. Sai dai ranar da ya ce zai zo ya zo, abin da ya rubuta shi aka biya, ya kuma share wurin kafin ya tafi.

Aikin nasa ne ya tsaya min a rai. Na zaci siminti zai ƙara, sai na ga yana ƙwaƙule simintin da wani ya cusa tsakanin duwatsun shekarun baya. Ya maye gurbinsa da kwaɓin farar ƙasa da yashi, irin wanda aka yi ginin da shi tun asali. Ya ce min giranit ba ya shan ruwa, don haka duk danshin da ya shiga bango ta mahaɗar duwatsu yake fita. Farar ƙasa tana barinsa ya fita. Siminti kuwa ya tsage, ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa mafita, sai ya koma cikin ɗaki. Yaya, ina jin haka sai na tuna katangar maƙwabtanmu da aka yaɓe da siminti, yadda ɓawon ya ɓantare gaba ɗaya, ƙasar ciki ta zama kunu.

Hukuma ma ta sa ido. Gine-ginen tarihi an kasa su aji A da B da C, wasu unguwanni kuma an keɓe su gaba ɗaya, ko tagar katako ba ka canjawa yadda ka ga dama. Gidajen suna da nasu aibin: sanyi gare su, kuɗin iskar gas na ɗumama ɗaki yana cin albashi. Duk da haka mutane na alfahari da su.

Mu ma muna da abin alfahari. Kusan lokacin da Biktoriya ta hau mulki Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya da ƙasa da azara. Hannun da ya ɗora tubalin zauren Kaka daga wannan sana'a ya fito.

Ka nemo min tsohon magini wanda ya san kwaɓin ƙasa da makuba. A fara gyara indararo, don ruwan da ke zuba a gindin bango shi ne ya yi ɓarnar. Zan turo kuɗin ƙarshen wata in sha Allahu, ka ɗauko min hoto kafin a fara da kuma bayan an gama. A gaida Inna, a ce tana cikin addu'ata.

Ƙaninka.