Ofishin dillalan da suka nemo mana gidan haya: na ba su 4 cikin 5

Wata biyu kenan da tarewarmu, zumuɗin sabon gida ya lafa, yanzu zan iya faɗin gaskiya a kan ofishin dillalan da suka nemo mana shi. Ba zan kama suna ba don akwai inda suka ban haushi.

Ranar farko na shiga da dogon lis a waya wanda ni da madam muka kwana muna haɗawa: ɗaki 3, ƙaton falo, tayil ko'ina, kicin mai kabad, baranda, sabon fenti, wajen ajiye mota (motar ma ba a saya ba tukuna fa), kusa da aiki, kusa da makarantar yara, ruwa, wuta, tsaro. Dattijon da ya karɓe ni ya karanta ya yi murmushi, ya ɗauko farar takarda ya ja layi a tsakiya yace "Malam, nan ka rubuta abin da in babu shi zama ba zai yiwu ba, can kuma abin da in babu shi ranka ne kawai zai ɗan sosu." Wallahi sai na ji kamar rainin wayo, nace "Baba ni gida na zo nema ba jarrabawa ba." Amma da na zauna na nutsu abu 4 kacal suka tsaya a gefen dole, ruwa, tsaro, ɗaki 2 da kusa da makaranta, sauran duk kwaɗayi ne. Ya kuma tambayi abin da nake samu a wata yace a yi ƙoƙari kar haya ta wuce kashi 30 cikin 100, sannan a ɗora kuɗin mota a kai, don gida mai araha a bayan gari abin da ka rage a haya hanya ce za ta cinye shi.

Inda suka fi burge ni wajen duba gida ne. Na farkon da muka gani ya tafi da imanina, tayil sai sheƙi yake, har na fara lissafin inda kujeru za su zauna, shi kuwa Baba bai ko kalli falon ba, banɗaki ya wuce ya murɗa famfo, sai ɗis ɗis. Ya nuna min gindin bango inda sabon fenti ya kumbura yana ɓarewa yace danshi ne aka rufe, ga wani tabo ruwan ƙasa a kusurwar silin, alamar yoyo. Tagar ɗakin kwana kuma yamma take kallo, wato ranar la'asar za ta gasa bangon har dare bai huce ba. Mita ɗaya ce ta haɗa duk 'yan hayan, wanda ya taɓa rigimar rabon kuɗin wuta ya san me nake nufi. Yace duk gidan da ya kwanta min in koma da daddare ni kaɗai in ji hayaniya in gwada netwok, kuma maganar ruwa maƙwabta ake tambaya ba mai gida ba.

To ga inda maki ɗayan ya tafi. Hotunan da yaransu ke turowa a WhatsApp ba a yarda da su, ɗakin da ka gani kamar fili ka je ka tarar gado ma da kyar. Sau biyu yaron ya shanya ni sama da awa ɗaya. Sannan la'adarsu da kuɗin ajiya na gyara ba a faɗa min tun farko ba sai ana gab da sa hannu, ka tambaya tun ranar farko a rubuta maka.

Yarjejeniyar dai sun bi ta da ni layi layi, wa ke gyaran rufi, wa ke gyaran famfo, notis na wata nawa, suka sa na ɗauki hoton kowane ɗaki kafin mu shigo da kaya, rasit ma a take aka ban.

Gidan da muka kama ba baranda, tayil a falo ne kawai, amma ruwa bai taɓa yankewa ba kuma yara minti 10 a ƙafa sun isa makaranta. Madam dai har gobe in za ta yi shanya sai ta tuna min da barandar nan.