Gashin namansu ya kai tsire, amma shinkafarsu ta ɓata mana dare

Ranar Asabar na kai maiɗakina wani gidan cin abinci a nan Landan, irin masu haɗa girkin Peru da na Japan da Sin. Wani abokin aikina ɗan Lima, babban birnin Peru, ne ya ishe ni da zancen wurin. Shi ya ba ni labarin cewa Japanawa sun fara sauka a tashar jiragen ruwa ta Callao da ke Peru tun 1899, Sinawa kuwa sun riga su da shekara 50, don haka a wurinsu wannan haɗin abincin gida ne da suka taso suka tarar. Da na buga waya aka ce mini naman sa da kajinsu na halal ne, shi ya sa ma na kama mana tebur.

Farkon zama sai hamdala. Ceviche suka fara kawowa, ɗanyen kifi an yayyanka an jiƙa da ruwan lemun tsami da barkono da jar albasa, ga dankalin Hausa da soyayyar masara a gefe. Tsamin ya kama tsokar har ta yi fari fat, babu ƙarni ko kaɗan. Maiɗakina da ba ta kusantar kifin da bai soyu ƙarau ba, sai ga ta tana kwasar romon da cokali. Anticucho kuwa zuciyar sa ce a tsinke, gashin garwashi, wallahi ƙuli kawai ya rasa ya zama tsire. Muka kora da chicha morada, ruwan baƙar masara da abarba da kanumfari, kai ka ce zoɓo ne. A lokacin har na ƙudurta idan Hajiyarmu ta zo hutu nan zan kawo ta.

Sai aka zo kan soyayyar shinkafarsu ta Sinawa da suke kira chaufa. Kafin in ce a kawo, na tambayi yaron da ke mana hidima ko akwai alade ko giya a ciki. Ya ce babu. Na sake tambaya, ya sake cewa babu, yana murmushi, ko motsawa bai yi ba balle ya leƙa kicin. Mun kai cokali huɗu sai ta ajiye nata, ta ture wani ɗan nama mai jan baki zuwa gefen faranti, ta ce, "Abban yara, duba mini wannan." Na sa aka kira manaja, ta shiga ciki, ta fito fuska a sauye. Gasasshen alade ne, ashe da shi suke soya shinkafar kullum sai in mutum ya ce a cire.

Na san babu laifi a kan wanda ya ci bisa rashin sani, amma zuciya ba ta jin wannan a lokacin. Baiwar Allah ta tashi ta shiga banɗaki ta yi ta kurkure baki, har muka hau jirgin ƙasa muka iso gida ba ta ce uffan ba. Abin da ke ci mini rai shi ne tsakanin teburinmu da kicin bai fi taku goma ba. Da ya ce bai sani ba, bari ya tambayo, da shi ke nan.

Manajar ta ba da haƙuri, kuma na ga alamar da gaske take. Ta cire kuɗin shinkafar, amma kashi 12.5 na hidima yana nan daram a kan takarda. Hidimar wa? Na biya don ba na son hayaniya a gaban iyalina.

Yanzu ko anticuchon da na yaba sai na riƙa tunanin ko waya ɗaya suke gasa shi da wancan naman. Ranar Lahadi na kira na tambaye su, suka ce za su bincika su kira ni. Yau Laraba, shiru.